Sharhi: Kundin Majalisa da Alƙawarin Adalci ga Masu Haƙar Kwal

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin sharhi.

A watan Nuwamban 2021, a wajen taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka gudanar a birnin Glasgow, ƙasashen Faransa da Jamus da Birtaniya da Amurka, tare da Tarayyar Turai, sun yi wa Afirka ta Kudu alƙawarin dala biliyan 8.5 domin ta fara rage dogaro da kwal wajen samar da wutar lantarki. An ce za a yi wannan sauyi ne cikin adalci, wato za a koma ga hasken rana da iska ba tare da an watsar da mahaƙa, da ma'aikatan tashoshin wuta, da garuruwan da ke cin abinci daga jikinsu ba. Ƙungiyoyin ƙwadago ne suka daɗe suna fafutukar wannan buƙata, har ta samu shiga gabatarwar yarjejeniyar sauyin yanayi ta Paris ta 2015. Shekaru sun shuɗe tun daga taron na Glasgow, kuma duk mai son sanin ko an cika wannan magana, a ganina babu inda ya fi dacewa ya fara bincike kamar kundin muhawarar majalisar dokokin ƙasar, domin a can ne ake tilasta wa minista ya amsa tambaya da sunansa, a rubuta ranar, a adana amsar.

Majalisar Afirka ta Kudu, kamar sauran majalisun da suka gaji tsarin Birtaniya, tana da kundin da ake kira Hansard, wanda a cikinsa ake rubuta abin da kowane wakili ya faɗa a zauren majalisa. Sai dai babban aiki ba a zaure ake yin sa ba. A ɗakunan kwamitoci ne ake titsiye shugabannin kamfanin wutar lantarki na Eskom, ake buɗe takardun kasafi, ake sauraron ƙungiyoyin ƙwadago. Ganin cewa babu cikakken kundin hukuma da jama'a za su iya karantawa game da zaman kwamitocin, wasu ƙungiyoyin farar hula suka haɗu a 1995 suka kafa ƙungiyar sa ido kan majalisa da aka fi sani da PMG. Wakilanta suna zama a tarukan kwamitoci, suna rubuta bayanin abin da aka tattauna, suna ɗora shi a intanet tare da sautin zaman da takardun da jami'ai suka gabatar, haɗe da rubutattun tambayoyin wakilai da amsoshin ministoci. Ɗalibi a Zariya ko ɗan jarida a Maraɗi zai iya buɗe wannan rumbu da wayarsa.

Akwai dabara guda da nake ba duk mai son yin wannan bincike shawara ya riƙe. Idan ya rubuta taken sauyin makamashi cikin adalci a akwatin bincike, abin da zai fi cin karo da shi jawabai ne masu daɗin ji, domin babu wata jam'iyya da za ta miƙe ta ce tana adawa da adalci. Masu son a rufe tashoshin kwal gobe suna amfani da kalmar, masu son a ci gaba da ƙona kwal na tsawon shekaru su ma suna amfani da ita. Amma idan ya rubuta sunan gari, ko sunan wata tasha, ko sunan wata dokar kasafi, to nan ne magana take sauka ƙasa. Sunan da ya fi dacewa a fara da shi shi ne Komati.

Komati tashar wutar lantarki ce mai amfani da kwal a lardin Mpumalanga, lardin da ke ɗauke da mafi yawan tashoshin kwal da mahaƙun ƙasar. Ta fara aiki a 1961, aka kuma kashe injinta na ƙarshe a ƙarshen watan Oktoban 2022. Bayan 'yan kwanaki Bankin Duniya ya amince da kuɗi dala miliyan 497, mafi yawansu rance, domin a mayar da wurin cibiyar samar da wuta daga hasken rana da iska, a kafa batura masu adana wutar, a kuma horar da mutane sababbin sana'o'i. An nuna wa duniya Komati a matsayin abin koyi. Eskom ya ce babu ma'aikacinsa na dindindin da ya rasa aiki, domin an rarraba mafi yawansu zuwa wasu tashoshin. To amma garin ba ma'aikatan dindindin kaɗai ke cikinsa ba. Akwai ma'aikatan kwantiragi, da direbobin manyan motocin dakon kwal, da matar da ke sayar da abinci a ƙofar tasha lokacin canjin aiki, da mai gidan da ke ba leburori hayar ɗaki. Waɗannan ba su cikin jerin albashin kamfani, saboda haka da aka ce babu wanda ya rasa aiki, ba a lissafa da su ba. Hukumar sauyin yanayi ta fadar shugaban ƙasa ta fitar da rahoto a 2023 wanda ya nuna cewa tuntuɓar al'ummar ta zo a makare, kuma an rufe tashar tun kafin sababbin ayyukan su samu. A shekarar ce ministan wutar lantarki, Kgosientsho Ramokgopa, ya fito fili ya kira abin da ke faruwa a Komati rashin adalci. An rushe tsohon ɗaki ne a tsakiyar damina alhali ba a aza harsashin sabo ba.

Amfanin kundi a nan shi ne yana jera abubuwa bisa kwanan wata. Mai bincike zai iya ɗaukar abin da jami'ai suka gaya wa kwamiti kafin rufe tashar, ya ajiye shi kusa da abin da suka faɗa bayan shekara guda, ya ga inda adadi ya sauya da inda wa'adi ya ja baya. Zai kuma ga waɗanne wakilai ne suka tuna da ma'aikatan kwantiragi tun da wuri, waɗanne ne kuma ba su buɗe baki ba sai da abin ya zama labari a jaridu. Magana zarar bunu ce, kuma idan an rubuta ta da kwanan wata, mai ita ba zai iya cewa ba haka ya faɗa ba.

Batun kuɗin ma haka yake. A Nuwamban 2022 gwamnatin Shugaba Cyril Ramaphosa ta fitar da tsarin zuba jari na shekara biyar wanda ya ƙiyasta cewa ƙasar na buƙatar kusan rand (kuɗin Afirka ta Kudu) tiriliyan 1.5, adadin da ya ninka alƙawarin Glasgow sau goma da ɗoriya. Da aka bi diddigin dala biliyan 8.5 ɗin kuma, sai ta bayyana cewa abin da yake kyauta a ciki bai kai kashi 5 cikin 100 ba, saura rance ne da lamuni da jarin 'yan kasuwa. Rance yana iya gina tashar hasken rana, domin za ta sayar da wuta ta biya. Amma horar da mahaƙi mai shekara 50, ko tallafa wa ƙaramar hukumar da harajinta ya karye, ba abubuwa ne da ke dawo da riba ba, kuma su ne ainihin ɓangaren adalcin. A watan Maris na 2025 Amurka ta janye daga shirin baki ɗaya.

Wajibi ne in faɗi cewa adalci a Mpumalanga fuska biyu gare shi, kuma mai karanta kundi da gaskiya zai ga duka biyun. A watan Maris na 2022 babbar kotu a Pretoria ta yanke hukuncin cewa gurɓatacciyar iskar yankin Highveld, inda tashoshin kwal na Mpumalanga suke, ta keta haƙƙin da tsarin mulki ya ba mazauna wurin na rayuwa a muhallin da ba ya cutar da lafiya. Uwar da ɗanta ke fama da ciwon ƙirji a garin eMalahleni tana neman adalci, mijinta da ke haƙar kwal shi ma yana nema. Ga kuma matsalar ɗauke wuta da ta addabi ƙasar fiye da kwana 300 a 2023, wadda ta taimaka wajen ɗage rufe tashoshin Camden da Grootvlei da Hendrina zuwa 2030. Dokar sauyin yanayi ta ƙasar, wadda aka gabatar wa majalisa a 2022, aka zagaya larduna ana jin ra'ayin jama'a a kanta, aka kuma sa mata hannu a watan Yulin 2024, ta ratsa cikin wannan ja-in-ja ne, kuma sawun kowane ɓangare yana nan a rubuce.

Kundi yana da iyaka. Yarjejeniyar Glasgow ɓangaren zartarwa ne ya ƙulla ta, majalisar ministoci ce ta amince da tsarin zuba jarin, kuma ƙungiyoyin ƙwadago sun koka cewa ba a tuntuɓe su yadda ya kamata ba. Abin da aka yanke a bayan ƙofa ba zai fito a Hansard ba. Amma shirun da kansa shaida ne, domin yana nuna inda wakilan jama'a suka bari aka wuce da su.

Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye, domin Najeriya ma a taron na Glasgow ne Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alƙawarin daidaita hayaƙin da ƙasar ke fitarwa da wanda take kawarwa daga iska nan da 2060, ya kuma sa hannu kan dokar sauyin yanayi a watan. Watanni uku kafin haka ya sa hannu kan dokar masana'antar man fetur, wadda Majalisar Tarayya ta yi zazzafar muhawara a kanta a Yulin 2021. Majalisar Wakilai ta so a ba al'ummomin da ake haƙar mai a yankunansu kashi 5 cikin 100 na kuɗin gudanarwar kamfanoni, Majalisar Dattawa ta tsaya a kashi 3, kuma kashi 3 ne ya shiga doka. Dokar ta kuma ware kashi 30 cikin 100 na wani ɓangare na ribar kamfanin NNPC domin neman mai a sababbin yankuna, irin su Kolmani da ke kan iyakar Bauchi da Gombe. Majalisa ɗaya ce ta zartar da dokokin nan biyu a shekara ɗaya, kuma ɗan ƙasa yana da haƙƙin ya karanta ya ga ko wani wakili ya miƙe ya tambayi yadda za su zauna tare. Haka nan cire tallafin mai da aka sanar ranar 29 ga Mayun 2023 ya zo wa mutane da yawa kamar daga sama, alhali kasafin 2023 da majalisa ta amince da shi bai tanadi kuɗin tallafin ba sai zuwa watan Yuni. Abin yana rubuce watanni kafin farashin ya tashi a gidajen mai.

Majalisarmu tana da Hansard, tana da takardar da ke taƙaita abin da aka zartar a kowane zama, kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar nema. Abin da ya rage shi ne a ɗora waɗannan takardu a intanet cikin tsarin da za a iya bincikawa da sunan wakili ko sunan gari, a haɗa da zaman kwamitoci, a kuma rage yanke manyan hukunce-hukunce da ƙuri'ar murya, wadda ba ta barin sunan kowa a baya. Majalisun jihohi ma abin ya hau kansu, tun da dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Matar da ke girki da itace a Katsina, da mai sayar da gawayi da ake shirin hana shi sana'a, da ɗan acaɓa da kuɗin mai ya cinye masa ciniki, kowannensu yana da wakili a Abuja da kuma a majalisar jiharsa, kuma ya kamata kafin zaɓe mai zuwa 'yan jarida su ɗauko abin da waɗannan wakilai suka faɗa a kan iskar gas ta girki da farashin wuta, su karanta shi a rediyo da Hausa, da sunan mai maganar da ranar da ya yi ta.

A nan za mu dakata. Sai wani jiƙon, a huta lafiya.