Me ya sa ba a cewa mai cutar Parkinson ya jira magani ya dawo kasuwa?

[Hannun wani dattijo yana ƙoƙarin kai kofin shayi baki]

Duk lokacin da aka ji labarin maganin cutar Parkinson ya yanke, maganar da jama'a suka fi yi ita ce: "To, ya sha wani irinsa mana, ko ya yi haƙuri na ɗan mako biyu." Da niyya mai kyau ake faɗar haka. Amma a wannan cutar, shawarar nan tana iya kwantar da mutum a asibiti, kuma a kanta za mu tsaya yau.

Bari mu bi tushen a gurguje. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke samar da sinadarin dopamine, wanda ke sa motsin jiki ya tafi daidai. A cutar Parkinson suna mutuwa sannu a hankali, sai karkarwa da sandarewar gaɓoɓi da nauyin tafiya su biyo baya. Ita ce cutar da Muhammad Ali ya rayu da ita fiye da shekara 30. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ɗauke da ita sun haura miliyan 8.5 a 2019. Babban maganinta tun ƙarshen shekarun 1960 shi ne levodopa, wanda ke shiga ƙwaƙwalwa ya rikiɗe ya zama dopamine.

[Zanen agogo, da layin magani a jini yana hawa yana sauka]

Yanzu ku dubi wannan layin da kyau. Levodopa ba ya zama a jiki. Cikin kamar awa ɗaya da rabi, rabin abin da ke cikin jini ya tafi. A shekarun farko na cutar, ƙwaƙwalwa tana iya ɗan ajiye wani abu ta riƙa saki, don haka ko an makara ba a cika gani ba. Da shekaru suka ja, wannan ajiyar ta ƙare. Mutum ya koma kamar janareta mai ƙaramin tanki: in ba a zuba mai a kan lokaci ba, sai ya tsaya cak. Shi ya sa za ka ga wani yana shan ƙwaya duk bayan awa uku ko huɗu, da ƙararrawa a wayarsa. A asibitocin Ingila ƙa'idar da ake bi ita ce kada a wuce minti 30 daga lokacin da aka tsara wa majinyaci.

Minti 30 fa, jama'a. Mu kuma muna maganar mako biyu.

[Mace tana tsaye a bakin ƙofa, ƙafafunta sun ƙi ɗagawa]

Ga abin da makara ke yi. Ƙofa a buɗe, tana son wucewa, ƙafa ta ƙi. Murya ta yi ƙasa, maɓallin riga ya gagara, haɗiyar ruwa ta zama haɗari saboda yana iya faɗawa huhu. In kuwa aka yanke maganin baki ɗaya lokaci guda, akwai abin da ya fi wannan muni: zazzaɓi mai zafi, jiki ya ƙame, hankali ya gushe, ƙoda ta taɓu. Ba kowa yake samunsa ba, amma yana kisa.

To batun "wani irinsa" fa? Gaskiya ne akwai wasu kamfanonin da ke yin levodopa, kuma mutane da yawa suna komawa kansu lafiya lau idan likita ya tsara canjin. Sai dai akwai ƙwayar da ke sakin magani nan take, akwai mai saki a hankali, kuma ba a musanya su ƙwaya da ƙwaya. Ko abin da ake haɗa levodopa da shi ya bambanta: samfurin Sinemet yana haɗe da sinadarin carbidopa, samfurin Madopar na kamfanin Roche kuma da benserazide. Wani majinyacin ya yi watanni shi da likitansa kafin su gano adadi da lokacin da jikinsa ya karɓa. Ba a teburin kemis ake sake wannan lissafin cikin minti biyar ba. Sannan in dubban mutane suka juya kan madadi rana ɗaya, shi ma sai ya fara ƙaranci.

[Taswirar Faransa, akwatunan Sinemet]

Haka ta faru a Faransa. A ƙarshen 2018 Sinemet na kamfanin MSD, wato Merck na Amurka, ya yanke na tsawon watanni, saboda matsala a masana'antar da ke haɗa shi a Amurka. Dubban majinyata suka shiga zagayen kantunan magani, ƙungiyar France Parkinson ta fito ta yi ta kira ga hukuma. Ba kuma karon farko ba ne, don maganin ya taɓa yin ƙaranci a ƙasashe da dama wajajen 2010. Hukumar kula da magunguna ta Faransa, ANSM, ta ci tarar kamfanin kusan Yuro 350,000. A shekarar 2018 kuɗin da Merck ya samu a duniya ya haura dala biliyan 42.

A ganina wannan tarar ba ta isa ta sa wani shugaban kamfani ya kasa barci ba. Kowace masana'anta tana iya samun tangarɗa, wannan ba abin mamaki ba ne. Abin da nake tuhuma shi ne a rataya rayuwar dubban mutane a kan layin haɗa magani guda ɗaya ba tare da isasshen tanadi ba. Tsohon magani ne mai araha, ribarsa ba ta kai ta sababbi ba, kuma irinsa ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

An ɗan gyara. Dokar Amurka ta 2012 ta wajabta wa kamfanoni sanar da FDA, hukumar kula da magunguna ta ƙasar, wata shida kafin yankewar da suka hango. Faransa daga 2021 ta tilasta ajiyar aƙalla wata biyu na muhimman magunguna, wasu ma wata huɗu, kuma a Satumbar 2024 ta ci tarar kamfanoni 11 kusan Yuro miliyan 8 saboda gaza cika ajiyar. Sanarwa tana ba likita damar shiri, amma ajiyar ce ke sa ƙwaya a hannun majinyaci.

[Hannu yana ƙirga ƙwayoyin da suka rage a kati]

Idan akwai mai wannan cuta a gidanku, ku riƙa ƙirga abin da ya rage. Kada a jira sai katin ƙarshe kafin a fita nema. In kemis ya ce babu, a ɗauki kwalin a kai wa likitan da ke dubansa ya tsara madadi, kada a rage adadi ko a tsallake lokaci don maganin ya daɗe. In kuma ya riga ya yanke, aka ga zazzaɓi da ƙamewar jiki ko ruɗewa, a tafi asibiti a lokacin, a gaya musu sunan maganin da awar da ya sha na ƙarshe.