Amsoshin Tambayoyinku: Taya Ta Yi Faci, Kuma Babu Safaya

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka, barkanmu kuma da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku daga nan birnin Jos. Wasiƙun da na ware a wannan mako duk a kan magana ɗaya suka taru, wato halin da direba ke shiga idan taya ta yi masa faci a hanya, ya buɗe but ya tarar babu safaya.

Wasiƙar farko ta fito ne daga wani malamin makaranta da ke Unguwar Rogo. Ya ce bai daɗe da sayen mota 'yar Beljiyam ba, kuma a tafiyarsa ta farko zuwa Abuja, jim kaɗan bayan ya gangara Hawan Kibo, sai tayar baya ta dama ta sauka. Da ya ɗaga shimfiɗar but bai ga komai ba sai rami. Ya lallaɓa da motar a kan tayar kusan kilomita huɗu kafin ya sami mai faci, shi kuma mai facin ya ce tayar ta gama aiki, sai dai a sayi wata. Malam yana tambaya ko cutarsa aka yi, kuma me ya kamata ya yi tun farko.

Malam, Allah ya kiyaye gaba, amma ba a cuce ka ba. Iskar da ke cikin taya ita ce ke ɗauke da nauyin mota, robar kuwa riƙe iskar kawai take yi. Da zarar iskar ta fita, bakin rim zai sauka a kan gefen tayar, yana taunar sa tsakaninsa da kwalta a duk juyi ɗaya, har zaren da ke cikin robar ya tsittsinke. Da ka leƙa cikin tayar bayan an cire ta daga rim, da ka ga garin baƙar roba ya taru kamar an daka gawayi, kuma wannan garin jikin tayar ne da ya ruguje. Ramin ƙusa ɗaya wanda faci zai rufe cikin minti goma shi ne ya koma kuɗin sabuwar taya, kuma ka yi sa'a idan rim ɗin bai lanƙwashe ba.

Abin da ya kamata shi ne, da ka ji motar ta fara rinjaya gefe ko ka ji ƙarar roba tana dukan kwalta, ka riƙe sitiyari da hannu biyu, ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali, kada ka daki birki da ƙarfi, domin motar da taya ɗaya ta sauka tana iya juyawa da kai idan ka tsayar da ita da gaggawa. Idan gudun ya ragu sai ka kunna siginar gargaɗi ta ɓangarorin biyu, ka sauka daga kwalta gaba ɗaya zuwa wuri mai ƙasa mai tauri. Ka ja birkin hannu, ka fito da iyali ta ƙofar da ba ta kallon titi, su matsa nesa, sannan ka kai alamar nan mai kusurwa uku can baya, taku hamsin ko fiye. Yanko ganye a jera a titi, kamar yadda muka saba, yana taimakawa da rana, amma don Allah wanda ya jera ya kwashe kafin ya tafi.

Akwai wurin da ni da kaina zan ce maka ka kashe tayar, kada ka tsaya. Idan facin ya same ka a tsakiyar kwana, ko a kan gada, ko a gangare irin na Hawan Kibo inda manyan motoci ke saukowa da kaya kuma birki na iya ƙwace musu, ko kuma dare ya yi kana cikin dajin da hankalinka bai kwanta da shi ba, to ka ci gaba da tafiya a hankali, kamar gudun mai keke, har ka kai inda ake ganinka daga nesa ko inda akwai mutane. Taya ana sayen wata. Amma idan rana tsaka ce, gefen hanya da faɗi, babu dalilin jan mota a kan rim ko na mita ɗari.

Bayan ka tsaya sai ka duba tayar. Yawancin motocin yanzu tubles suke amfani da ita, wato babu tub a ciki, kuma idan ƙusa ta shige ta, ita ƙusar ce ke toshe ramin da ta yi, iska na fita kaɗan-kaɗan. Saboda haka idan ka ga kan ƙusa, kada ka zare ta. Mutane da yawa a nan suke kuskure, suna ganin ƙusa sai su nemi filaya, iskar da za ta kai su gari ta fice cikin minti ɗaya. Da kana da ƙaramin injin hura iska da ake jonawa a soket ɗin mota, ko famfon ƙafa, da ka hura tayar ka ci gaba a hankali, kana tsayawa kana ƙara mata, har ka isa wurin mai faci da tayarka lafiya.

Idan kuwa iska ta ƙi tsayawa, sai a koma dabarar da direbobinmu suka daɗe suna yi, wato a bar motar a ɗauki tayar. Ka sa dutse a gaba da bayan ɗaya daga cikin tayoyin da ke ƙasa, ka sassauta notuna tun motar tana ƙasa, sannan ka ɗaga ta da jak, ka cire tayar, ka tura katako ko dutse mai faɗi ƙarƙashin motar domin kada nauyinta ya rataya a kan jak kaɗai. Daga nan ka tsayar da ɗan acaba ko wata motar da za ta rage maka hanya zuwa gari na gaba, ka bar babban mutum tare da motar. A nan ne zan ja hankalinka, Malam, domin motar da ta zo babu safaya sau da yawa babu jak a cikinta, babu kuma sifanar kwance notuna. Ka je ka duba yau ɗin nan. Idan abin ya fi ƙarfinka, lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ita ce 122, kuma kiran janwe ya fi kwana a daji.

Wasiƙa ta biyu daga wata Hajiya ce, ma'aikaciya da ke zaune a Gwarimpa, Abuja, wadda takan zo Jos ganin iyaye. Ta ce a ramin safayar motarta ta ga wata kwalba da ƙaramin inji mai waya da tiyo, ba ta san amfaninsu ba, har ta yi niyyar zubar da su.

Hajiya, kada ki zubar. Kamfanonin ƙera motoci da dama sun daina saka safaya a wasu motocinsu domin rage nauyi da shan mai, da kuma samun ƙarin fili a but, sai suka maye gurbinta da waɗannan kaya biyu. Ruwan da ke cikin kwalbar gam ne mai kauri. Ana haɗa kwalbar da injin, a ɗaura tiyo a bawul ɗin taya, a jona waya a soket, a tayar da mota, sai injin ya tura gam ɗin ciki tare da iska. Idan geji ya kai adadin da aka rubuta wa motarki, wanda za ki gani a wata takarda da aka manna a jikin ginshiƙin ƙofar direba, sai ki cire ki kama hanya nan take, domin juyawar tayar ce ke kai gam ɗin bakin ramin. Bayan kamar minti goma ki tsaya ki sake auna iskar. Idan ta riƙe, ki ci gaba ba tare da wuce kilomita 80 a awa ba, kai tsaye zuwa wurin mai faci, kuma ki gaya masa an zuba gam tun kafin ya buɗe, domin sai ya wanke cikin tayar kafin faci ya kama.

Sai dai ki san iyakarsa. Ƙaramin rami yake rufewa, irin na ƙusa ko noti mai tsini, a fuskar tayar da ke taka ƙasa. Ba ya maganin yagewar gefe, kuma a hanyoyinmu ita ce ta fi yawa, domin mota ce za ta faɗa rami da gudu, bakin kwalta ya tsaga gefen taya. Sannan gam ɗin yana da ranar lalacewa a jikin kwalbar, kuma motar da ta shekara takwas ko goma a Turai kafin ta iso Kwatano ko Legas, da wuya a ce kwalbarta ba ta wuce lokaci ba. Injin kuwa ki riƙe shi da kyau, shi ne ya fi kwalbar daraja.

Ra'ayina a kan wannan tsari ba ɓoyayye ba ne. An yi shi ne domin ƙasashen da direba zai buga waya janwe ya iso kafin shayinsa ya huce. Wanda zai bi ta Akwanga da Keffi da yara a kujerar baya yana bukatar taya ta biyar, kome kyawun kwalbar. Haka ma tayoyin nan masu ƙarfin gefe da wasu motocin BMW ke zuwa da su, waɗanda aka ƙera su yi tafiyar kusan kilomita 80 babu iska, a gudun da bai wuce 80 ba. Suna da amfani matuƙa, amma mai sayen motar a nan ya duba da kyau, domin sau da yawa an riga an canza su da tayoyi na yau da kullum, ramin safaya kuma yana nan fayau.

Wani direban haya daga tashar Bauchi Road ya aiko da tambaya gajera: tayarsa ta tsage a gefe, mai faci ya liƙa mata faci ya saka tub, ko zai iya ci gaba da lodi da ita? Direba, ka yi haƙuri, amsata a'a ce. Na sha zama a bencin masu faci ina kallon aikinsu, yadda suke tsoma taya a rabin durom na ruwa suna juya ta a hankali har ƙananan kumfa su fara tasowa a jere, su yi alama da alli, su kankare ciki, su shafa gam, su danna faci. Aiki ne mai kyau idan ramin yana fuskar taya kuma faɗinsa bai wuce milimita 6 ba, kuma facin da aka liƙa daga ciki ya fi igiyar robar da ake cusawa daga waje aminci, duk da cewa igiyar tana fitar da mutum daga daji. Gefen taya kuwa lanƙwashewa yake yi yana miƙewa a kowane juyi, yana ɗaukar zafi, kuma zaren da ya tsinke a wurin babu facin da zai haɗa shi. Tub zai riƙe iska, amma ba zai hana gefen fashewa ba ranar da ka cika mota da fasinjoji rana ta take. Na san kuɗin taya ya yi tsada kuma balas na jira da yamma, amma rayukan da ke bayanka amana ce, ka cire ta.

Tambaya ta ƙarshe daga wani dattijo ce a Bukuru, wanda ya ce yana so ya saya wa ɗansa safaya, kuma yana tambaya ko kowace taya mai rim za ta yi, sannan ko gaskiya ne ana kama mutum don rashin ta. Baba, gaskiya ne. Rashin safaya yana cikin laifuffukan da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ke tarar direba a kansu, kamar rashin alamar gargaɗi da abin kashe gobara. Game da saye kuwa, ba kowane rim ne ke shiga kowace mota ba, ko da yawan ramukan notunan ya zo ɗaya. Corolla 'yar Amurka irin ta shekarun 2003 zuwa 2013 da ta cika titunanmu tana da notuna biyar, Camry ma biyar, amma tazarar ramukan ta bambanta, ta Corolla milimita 100, ta Camry 114.3, saboda haka rim ɗin ɗaya ba zai zauna a ɗayar ba. Wannan ne ma ya sa aron safaya a hanya ba ya yiwuwa sai an dace da motar da rim ɗinta ya zo ɗaya da na taka. Idan za ku je Dilimi, ko Apo ga waɗanda ke Abuja, ku tafi da motar, a ɗaura safayar a gwada a gabanku kafin ku biya.

Ku duba lambobin girma da ke gefen tayar su dace da na sauran huɗun. Ku nemi kuma lambobi huɗu da ke ƙarshen jerin da ya fara da DOT, domin su ne ranar haihuwar taya: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Tayar da ta tsufa takan yi ƙananan tsage-tsage a gefe ko da zanenta bai cinye ba, kuma irin wannan ce ake yawan sayar wa mutane a matsayin safaya, a ce ai ajiye ta kawai za a yi. Idan siririyar nan ce kuka samu, wadda ba ta cin wuri, ita iskarta ta fi ta sauran yawa, yawanci 60 a geji, kuma ba a wuce kilomita 80 a awa da ita, ba a kuma mayar da ita tayar yau da gobe. Baba, ku gaya wa yaron duk ranar da ya tsaya ƙara iska ya buɗe but a auna ta biyar ɗin ma, domin safayar da ta shekara a rufe takan saki iskarta a hankali ba tare da kowa ya sani ba.