Kwalbar da ta zo daga waje: tsabtar ADN ɗin da muke saye

Assalamu alaikum. Malamaina, da ku ɗalibai ƙannena na nan Damagaram, sannunku da zuwa.

Kowane kwalin kayan bincike yakan zo da takardar kamfani mai cewa an gwada, tsabtarsa kaza ce. A karanta ta, a adana, amma kada a tsaya a kanta. Mai sayen hatsi a kasuwar Dole ba ya yarda da na bakin buhu, sai ya cusa hannu can ƙasa.

Mu ɗauki guntayen ADN, wato sinadarin gadon halitta, da muke sayowa don aikin PCR, dabarar ninka ADN ya yi yawa har a iya gano shi. Inji ne ke ɗinka su, harafi bayan harafi, wato tubalan da suka haɗu suka zama ADN, kuma a kowane mataki wajen kashi 1 cikin 100 kan kuskure. To, guntu mai haruffa 20, idan kuka yi lissafi, kusan kashi 83 ne kawai za su fito cikakku. Saura gajeru ne, suna nan cikin kwalbar. Aikin yau da kullum zai jure wannan. Aiki mai laushi kuwa, sai ku biya kuɗin tacewa ta HPLC, na'urar da ke ware cikakkun daga gajerun, kada ku yi ƙyashi.

In kaya sun iso, ku ɗiga a na'urar haske. Awon 260 bisa 280, wato hasken da ADN ya sha a zangon nanomita 260 a raba da na 280, a ADN mai tsabta yakan tsaya wajen 1.8. In ya yi ƙasa sosai, mai yiwuwa akwai gurɓatar furotin ko sinadarin fenol. Sai dai lambar nan ba ta gaya muku ADN ɗin wane ne a ciki.

Nan ne abin ke damuna. A 2014 Susannah Salter da abokan aikinta a Ingila sun nuna cewa kayan ciro ADN da ake sayarwa, su kansu suna ɗauke da ADN na bakteriya. A Fabrairun 2020 ma, kayan gwajin korona na farko da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta rarraba sun ba da matsala, har ruwan da ba komai cikinsa yana nuna cuta. Mutum ne fa ke jiran wannan sakamakon, yana zaune a benci da iyalinsa.

Ga kuma namu: tafiyar wajen kilomita 900 daga Yamai, da zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Busasshen ADN yana jurewa, amma sinadarin Taq, wanda ke ninka ADN a aikin PCR, sanyi yake so. Kwali in ya iso ƙanƙararsa ta narke, ku rubuta, ku gwada shi da samfurin da kuka san amsarsa.

Kuma don Allah, kowane gwaji ku ware bututu guda na ruwa zalla, ku rubuta lambar rukunin kayan a littafi. Ranar da layi, wato alamar akwai ADN, ya fito a bututun nan, a dakatar da aiki, kada a ba kowa sakamako.