Ummu Kulsum: muryar da ta taso daga makarantar allo

A da, idan daren Alhamis ɗin farkon wata ya yi, titunan Alƙahira sai su yi tsit. 'Yan kasuwa su rufe shago da wuri, a wuraren shan shayi kowa ya ja kujera ya matso kusa da rediyo. Daga Bagadaza har Maroko haka abin yake a lokacin. Ummu Kulsum, shahararriyar mawaƙiyar Masar, ce za ta yi waƙa.

An haife ta a wani ƙauye mai suna Tamay al-Zahayra, a yankin Daƙahliyya na Masar. Mahaifinta, Sheikh Ibrahim, limamin ƙauyen ne, yana kuma rera yabon Annabi a bukukuwa don ya samu na cefane. Yarinyar ta yi karatun Alƙur'ani a makarantar allo, tana laɓewa tana sauraro idan ana koya wa yayanta waƙoƙin. Ranar da uban ya ji muryarta, sai ya fara tafiya da ita. Amma fa da shigar maza, riga da rawani, don kada a ce liman ya fito da 'yarsa gaban jama'a.

To, a nan sirrin yake. Wanda ya yi tajwidi ya san mafitar kowane harafi, ya san inda ake jan madda da inda ake tsayawa a ja numfashi. Wannan horon ne ta shiga Alƙahira da shi a 1923, kuma bai taɓa rabuwa da ita ba. Ku saurare ta da kyau: ko a tsakiyar kuka na soyayya, ba harafin da ke ɓacewa. Shi ya sa manyan ƙasidu suka zauna a bakinta, har da Nahjul Burda ta Ahmad Shauƙi, wadda ya yi a kan salon Burdar Busiri, wannan dai da muke ji a Mauludi.

Ga ta a tsaye, riƙe da hankici, makaɗa a bayanta. Sai ta ɗauki baiti guda ta rera, jama'a su yi sowa, su roƙi ta maimaita. Ta sake, amma da wata karya murya daban. Ta kuma sakewa. Haka waƙa ɗaya za ta kai awa guda, ko fiye. Larabawa na kiran wannan shauƙin da ke kama mai sauraro ɗarab, kuma ni dai ban ji wanda ya iya tayar da shi kamarta ba.

Ahmad Rami ya rubuta mata baitoci, Riyad al-Sunbaɗi ya ɗora mata kiɗa shekaru da dama. A 1964 ta haɗu da mai tsara kiɗa Muhammad Abdulwahab suka fitar da waƙar Inta Umri. Bayan Masar ta sha kashi a yaƙinta da Isra'ila na 1967, ta zaga ƙasashe, har birnin Paris na Faransa, tana waƙa tana miƙa kuɗin ga ƙasarta.

Ta rasu ranar 3 ga Fabrairu, 1975. Miliyoyin mutane suka fito jana'iza. Taron ya karɓe makarar daga hannun jami'ai, aka yi ta miƙa ta daga kafaɗa zuwa kafaɗa na tsawon sa'o'i, har Masallacin Husaini, kafin a kai ta makwancinta.