Yadda Abubuwa Ke Ratsa Tantanin Ƙwayar Halitta: Lacca ga Ɗalibai Masu Hidimar Alhazai a Makka

Assalamu alaikum. Malamaina da 'yan'uwa ɗalibai, hanyoyi uku zan kawo muku waɗanda abubuwa ke bi su shiga ƙwayar halitta ko su fita, domin kowace ƙwaya lulluɓe take da tantanin maiko mai ninki biyu, wanda kaurinsa bai kai nanomita 10 ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Ta farko, iskar oksijin tana ratsa maikon kai tsaye, daga inda ta yi yawa zuwa inda ta yi ƙaranci. Ta biyu ta ruwa ce, shi kuwa inda gishiri ko sukari ya fi yawa yake bi. Duk wanda ya barbaɗa gishiri a kan yankakken tumatir ya ga yadda ruwa ke tsattsafowa.

Ta uku kuwa ta sodiyam ce, wato sinadarin da ke cikin gishiri, wanda ba ya ratsa maiko sai ta ƙofofin furotin, kuma a nan nake so ku ba ni hankalinku. A 1957 Jens Skou na ƙasar Danmak ya gano wani famfo a jikin tantanin, wanda ke kashe ƙarfi ya fitar da sodiyam uku ya shigo da potasiyam biyu, saboda haka kullum sodiyam a waje yake taruwa yana neman hanyar komawa. To, a bangon hanji akwai wata ƙofa da ba ta shigar da gulukos, wato wani nau'in sukari, sai tare da sodiyam, kamar yadda Robert Crane ya bayyana a 1960. Tare suke shiga, ku riƙe wannan, tare suke shiga, ruwa kuma ya bi bayansu. Kwalara tana sa hanji ya yi ta zubar da ruwa, amma wannan ƙofa ba ta daina aiki, kuma a kanta aka gina ruwan gishiri da sukari. A 1971 Dakta Dilip Mahalanabis ya ba 'yan gudun hijirar Bangaladash masu fama da kwalara wannan haɗi a Indiya, mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. A ganina da wuya a samu ilimin da ya kai wannan araha da amfani.

Ta huɗu, yadda fararen ƙwayoyin jini ke haɗiye ƙwayoyin cuta ɗungurungum, sai wani zama.

Na'am, ɗan'uwa? Yana tambaya ko lemon kwalba zai wadatar da alhajin da gudawa ta kama a Mina. A'a, sukarinsa ya yi yawa, gishirinsa ya yi kaɗan, har yana iya janyo ruwa cikin hanji gudawar ta ƙaru. A samu ƙunshin da ake sayarwa a kantin magani. In babu, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta ruwa mai tsafta. Wanda kuwa ya suma, kada a ɗura masa komai, a garzaya da shi asibiti.