Wai da gaske babu mai sa wa yaran da ido?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Kwana biyun nan duk inda ka leƙa sai ka ga an ɗora tsohon hoton yara suna tura gare-gare ko suna langa, a ƙasa an rubuta wai "mu a zamaninmu babu mai tsare mu, mu fita da hantsi sai magariba." Daga nan sai musu ya ɓarke, wasu su ce iyayen yanzu tsoro ne ya yi musu yawa, wasu su ce a'a, iyayen da ne ke da sakaci Allah ne kawai ya raya mu. Ni dai a ganina duka ɓangarorin biyu akwai abu ɗaya da suka tsallake, kuma shi ya sa na haɗa wannan bidiyon.

Bari mu yi sauri a kan wasannin, don kowa ya san su. Ga langa nan, ƙafa ɗaya a riƙe. Ga a-sha-ruwan-tsuntsaye. Wancan ƙwallon tsumma ce, ku duba yadda aka ɗaɗɗaure ta. Motar kara, motar langa-langa, danƙon harbin tsuntsu. 'Yan mata kuma ga carafke da rana, ga gaɗa a dandali in an yi farin wata. In dare ya yi a zagaye kaka, ga ta nan ga ta nan ku. Kai, wallahi ko ni da nake haɗa hotunan nan sai da na tsaya na daɗe ina kallo.

To yanzu ku tsaya a kan wannan hoton. Kar ku kalli yaran, ku kalli gefe.

Kun ga dattijon can a bakin zaure kan tabarma? Ga mai faci a ƙarƙashin darbejiya, ga tela da kekensa yana fuskantar hanya, ga mai ƙosai a kwanar lungu, can kuma malam ne da almajiransa. Duk waɗannan mutanen babu wanda bai san yaran nan ba, kuma ba sanin fuska kawai ba, sun san ɗan gidan wa ne, sun san kakansa, sun san a wace makarantar allo yake da lokacin da ya kamata a ce yana can. Nan ne mutane ke kuskuren fahimta. Yaron da kake gani shi kaɗai a lungu, idon mutane da yawa na kansa, uwarsa ce kawai ba ta ganinsa. Kuma ba ta damu ba don ta san in ya yi ba daidai ba labari zai riga shi isowa gida.

Akwai wata baturiyar Amurka mai nazarin al'adu, Enid Schildkrout, da ta zauna a cikin birnin Kano a shekarun 1970 tana bin rayuwar yara a unguwanni irin su Kurawa da Ƙofar Mazugal. Abin da ta gano mu mun san shi amma ba mu cika tsayawa mu yi tunaninsa ba: tunda matan aure suna cikin kulle, yara ne ƙafafunsu. Yaro ne zai kai aike, shi zai sayo kayan miya, yarinya ce za ta ɗauki tallan tuwo ko ƙuli-ƙuli, ita za ta kai kwanon abinci gidan goggo ta dawo da saƙo. Namiji baligi iyakarsa zaure, sai dai ya tsaya ya yi sallama, amma yaro kai tsaye yake wucewa har tsakar gida, ko gidan wane ne. To ka ga yaron da kullum yana shiga gidaje yana fita, ta ina zai ɓace ba a sani ba? Yawon da muke kewa ɗin nan rabinsa aike ne, kuma aiken ne ya sa kowa ya san shi.

Sannan sanin ya zo da izini. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi wuya a dawo da shi. Maƙwabci in ya ga yaro yana wasa bayan an kira magariba zai kora shi gida, in ya ji ya yi ashar zai ja kunnensa, wani ma ya tsinka masa tsumagiya, kuma yaron ba zai kuskura ya kai ƙara ba don ya san ƙari zai samu. Ɗa na kowa ne, haka ake cewa, kuma da gaske ake yi. Wanda zai dake ka ɗin nan shi ne kuma zai saɓa ka a kafaɗa ya kai ka wajen mai ɗori in ka faɗo daga bishiyar mangwaro, tun kafin babanka ya dawo daga kasuwa. Shi ne zai tsayar da baƙo ya ce malam ina za ka da yaron nan? Yau fa, ka gwada tsawata wa ɗan maƙwabci, wani lokacin sai magana ta kai ofishin 'yan sanda, shi ya sa kowa ya kame bakinsa. Ni ban ce duk dukan da aka yi daidai ne ba, akwai manyan da suka wuce gona da iri kuma yaro ba shi da inda zai kai kuka. Amma ranar da maƙwabci ya daina tsawatarwa, ranar ya daina lura ma.

Yanzu ku kalli sabuwar unguwa. Katanga mai tsawo, get na ƙarfe, waya mai ƙaya a sama. Babu zaure, babu dakali. Mutum ya yi shekaru a gidan haya bai san sunan na kusa da shi ba. Layin da a da sai keke da jaki, yanzu mota ce da adaidaita sahu da babur suna rige-rige. Filin da ake buga ƙwallo an yanka shi an yi shaguna. Ka saki yaro a nan, wa ka sakar wa?

Ba a nan kaɗai ba ne ma. A Ingila an yi wani bincike da ya nuna a 1971 kashi 80 cikin ɗari na yara 'yan shekara 7 zuwa 8 su kaɗai suke tafiya makaranta, zuwa 1990 ya koma kashi 9, kuma babban abin da iyayen can ke tsoro shi ne motoci. Mu kuma namu ya haɗa da abin da ya fi mota. A Oktoban 2019 'yan sanda suka sanar da gano yara tara da aka sace daga Kano aka kai su Onitsha. A Disambar 2020 aka kwashi ɗalibai sama da 300 a makarantar Ƙanƙara, watanni kaɗan bayan nan sai Jangebe. Don haka don Allah a daina yi wa uwar da ta kulle get dariya, ba tsoron banza take ji ba.

Wani abu kuma, hotunan nan ba sa nuna komai. Ba ni da hoton da zan saka a nan, ku dai saurara. Kududdufin da muke kewar wanka a ciki ya ci yara, wasu kuma sun kwaso tsargiya. Kurkunu ya kwantar da yaran ƙauye da yawa, sai a 2013 aka tabbatar Najeriya ta rabu da shi. Yarinyar da ke yawo da faranti a ka sau da yawa tallan ne ya hana ta zuwa aji. Masu ɗora hoton yau su ne waɗanda suka tsira, Allah ya jiƙan waɗanda ba su kai ba.

Duk da haka ina tausayin yaron yanzu sosai. Daga gida sai mota, daga mota sai makaranta, sai islamiyya, sai lesin, sai a miƙa masa waya don ya yi shiru. Bai taɓa sasanta rigimar ƙwallo da kansa ba, bai san hanyar gidan kakarsa da ƙafa ba. Kuma har yanzu akwai lungunan cikin gari da ƙauyuka inda yara ke fita wasa kamar da, ku lura da kyau za ku ga duk inda hakan ya rage to akwai manya zaune a waje da suka san su. In layinku akwai iyaye uku ko huɗu da za su yarda bayan la'asar a fito da tabarma a zauna, a kuma yarda kowa zai iya tsawata wa ɗan kowa, yaran za su iya fitowa.

Bidiyo na gaba a kan tashe ne, wanda ake farawa goma ga azumi, da Nalako sarkin gwagwaren Kano, da kuma dalilin da ya sa 'yan sandan Kano suka sha dakatar da shi a 'yan shekarun nan saboda 'yan daba. Sai mun haɗu.