Sai Hankalin Yaro Ya Kwanta Karatu Ke Zama

Ƙarfe bakwai da rabi na safe a Jos, cikin watan Janairu. Hazo ya lulluɓe duwatsu, sanyi na ratsa ƙashi. Ku dubi yarinyar nan da ke tsaye a bakin ƙofar makaranta. Shekararta shida. Suwaitar da ke jikinta ta yayarta ce, hannun ya rufe mata yatsu. Ta damƙe gefen hijabin mahaifiyarta ta ƙi saki. Uwar na ta lallashi: "Shiga mana, ga 'yan'uwanki can." Ita kuwa idonta na kan fili, inda yara ke ta guje-guje, babu ko ɗaya da ta sani.

A gida za a ce ƙiwuya ce ko shagwaɓa. Abin da ke ranta ya fi haka nauyi. So take ta san ko akwai mai kula da ita a nan idan Mama ta juya baya.

Ga abin da ke faruwa a jikinta. Idan yaro ya tsorata, jikinsa na sakin sinadaran adrenalin da kotizol. Zuciya ta ƙara bugawa, ciki ya ɗuri ruwa. Ƙwaƙwalwa ta koma neman ta ina za a tsira, sashenta na gaba kuma, mai tattara hankali wuri ɗaya da riƙe abin da aka faɗa, ya ja baya. Malama na ta A, B, C a allo, kunne na ji, amma ba ya zama. Shi ya sa ciwon cikin da ke tashi kowace safiyar Litinin, ko fitsarin kwance da ya dawo bayan an daɗe da dainawa, ko yaro mai surutu da ya koma shiru, ba abin a yi masa tsawa ba ne. Jikin ne ke faɗin abin da baki bai iya faɗa ba tukuna.

A 2003, Naomi Eisenberger da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles sun sa mutane wasan jifan ƙwallo a kwamfuta ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu. Ana cikin wasa sai aka daina jefo musu ƙwallon. Wani sashen ƙwaƙwalwa da ke motsawa idan mutum ya ji ciwo a jiki, shi ne ya motsa. Manya ke nan fa. Ina ga ɗan shekara shida da aka ce wa "ba ma yi da kai" a lokacin tara?

Maganin farko babban mutum ɗaya ne da yaron ya yarda da shi. Bridget Hamre da Robert Pianta sun bi yara 179 a Amurka tun daga ajin share fage har aji takwas, suka fitar da sakamakon a 2001. Yaran da dangantakarsu da malamin farko ta yi tsami sun ci gaba da fama da karatu da ɗabi'a shekaru da yawa bayan nan, musamman maza. Wato malamar ajin farko, wadda ake yi wa kallon ta ƙananan yara ce kawai, a hannunta tushen yake.

Kuma abin daga suna yake farawa. Ku buɗe rijistar wani aji a Jos: ga Hauwa'u, ga Dung, ga Nanret, ga Chinedu, ga Ja'e. Malamar da ta tsaya a bakin aji da safe, ta rusuna daidai tsayin yaro, ta kira sunansa yadda uwarsa ke kira, ta ce "ya jikin Kaka?", ta gama rabin aikin ranar. Wadda kuwa ta murguɗe sunan don ya yi mata wuyar faɗa, aji ya kwashe da dariya, ta bai wa yara laƙabin da za su bi shi da shi har aji shida.

Haka harshe. Tun 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa, kodayake gwamnatoci sun yi ta sauya matsayi a kai. A gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, yaran da aka koyar da Yarabanci tsawon firamare ba su gaza a Turanci ba. Duk matsayin da makaranta ta ɗauka, cin tarar ɗan aji ɗaya don ya ce "zan sha ruwa" da Hausa ko Birom ko Fulatanci zalunci ne. An nuna masa cewa bakin da uwarsa ke yi masa magana da shi abin kunya ne.

Na san abin da malamai za su ce, kuma suna da gaskiya. A takarda, malami ɗaya yara 35 ne a firamare. Ku leƙa makarantun gwamnati ku ƙirga da idonku, wasu ma a ƙasa suke zaune. Ba za ki iya hira da kowa kullum ba, Malama. Amma za ki iya ɗaukar biyar yau, biyar gobe. Za ki iya haɗa sabon zuwa da wani mai kirki da zai nuna masa bayi da wurin shan ruwa, ya zauna da shi lokacin tara. Ki bai wa mai shirun nan aikin goge allo, don ya san ranar da bai zo ba za a nemi shi. Kalmar "daƙiƙi" kuma a bar ta, da ita da tsallen kwaɗo.

Akwai abin da ya daɗe yana ci min rai. Na taɓa gani a wata makaranta an kira sunayen waɗanda ba su biya kuɗin PTA ba a gaban asambuli, aka kora su gida. Wani ƙaramin yaro ya fita yana jan jakarsa a ƙasa, bai ɗaga kai ba har ƙofa. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce ilimin shekara tara na farko kyauta ne kuma wajibi. Idan ma akwai bashi, tsakanin hedimasta da uba ne, a ofis.

A Jos maganar nan tana da wani nauyi na daban. Tun rikicin Satumban 2001, da na 2008 da 2010, unguwanni suka rabu. Yaro zai iya tasowa a Unguwar Rogo ko Unguwar Rukuba bai taɓa sa hannu a kwano ɗaya da ɗan wani addini ba. Inda aji ya haɗa su, a nan yake fara sanin wane ne "namu". Malamin da ya gauraya su a benci, ya yi barka da Sallah kamar yadda ya yi barka da Kirsimeti, ya tsawatar nan take idan wani ya kira wani da sunan ƙabilanci, aikin zaman lafiya yake yi ko bai kira shi haka ba.

Iyaye, ga namu. Kada ki sulale yaro na kallon wani wuri. Ki yi masa sallama, ki ce "zan dawo idan an tashi", kuma ki dawo a kan lokaci. Ya karya kafin ya fita, ko da koko da ƙosai ne, ya kuma samu barcin awa tara zuwa 12. Idan ya dawo, kada tambayar farko ta zama "nawa ka ci?" Ki tambaye shi da wa ya zauna, wa ya ba shi dariya, wa ya sa shi kuka. Idan mako biyu ko uku suka wuce bai ambaci sunan yaro ko ɗaya ba, ki shirya ki je ki ga malamarsa, ku zauna ku biyu.